Motar Dare Zuwa Puno

Mun bar Arequipa bayan faɗuwar rana,
ni da Baba, jakar magani a kan cinyata.
Likita ta ce kada ta shiga cikin kaya:
abin da rai ya jingina da shi, a hannu ake riƙe shi.

Karo na huɗu ke nan ana ɗura masa maganin sankara.
Gashi ya zube tun a na biyu,
gira ta bi sahu,
shi kuwa cewa yake ya huta da kuɗin aski.

A kujerar gefe, Nélida,
ciki wata bakwai,
tana saƙa 'yar hula mai kunnuwa
wadda da ƙyar za ta rufe lemo.

Mota ta kama hawan dutse.
Iska ta soma rowa, kowa na jan numfashi kamar bashi.
Sai murya daga bayanmu,
Hermelinda Ccama, shekara talatin da ɗaya a asibitin Juliaca;
ta yi ritaya, bakinta bai yi ba.

"Yarinya, sauko da bel ɗin nan ƙasan ciki,
ba a kan ɗan mutane ba.
Juya idon sawu, goma dama, goma hagu,
jini ba ya son zaman kashe wando.
In mun tsaya a Imata, sauka ki taka ƙasa,
amma a hankali. Tudun nan ba ya raga wa mai gaggawa.

Kai kuma dattijo, ruwa.
Ba kwankwaɗa na ce ba, kurɓa,
kaɗan yanzu, kaɗan anjima.
Naman bakin hanya, gaishe shi ka wuce,
garkuwar jikinka tana hutu.
Wanke hannu ko da ruwan zai cije ka.
In zazzaɓi ya taɓa talatin da takwas,
kada a ce bari gari ya waye."

Nélida ta dafe ƙirji, fuska ta yi fari.
Baba ya laluba aljihu,
ya miƙa mata busasshen biskit da alewar citta.
"Tashin zuciyarmu iri ɗaya ne," in ji shi,
"sai dai naki da albishir a ƙarshe."
Ta yi dariya har allurar saƙa ta faɗi.

Tsohuwa ba ta gama ba.
"Jini, ko kumburin fuska,
ko ciwon kai mai sa ido ganin taurari,
ko ɗan ya yi shiru ya daina shurin da ya saba:
asibiti, ba maƙwabciya ba.
Ganye ma, tambayi ungozoma kafin ki dafa."

Na ɗauka na tsira. Sai ta taɓo kafaɗata.
"Kai ɗan rakiya, me ka ci yau?"
Na yi shiru.
"Mai jinya ma majinyaci ne, kati kawai ba a yanka masa ba."
Ta tura mini dafaffen dankali biyu a takarda,
ta tsare ni da ido har na cinye.

Sanyi ya shigo ta ƙasan ƙofa.
Baba ya yi barci, kansa a kafaɗata,
ba nauyi, kamar ƙwarya.
Na ƙirga numfashinsa har na ɓata lissafi.

Da asuba tafkin ya bayyana, toka-toka, sannan shuɗi.
Kafin mu sauka Nélida ta ce ya sunkuyo.
Ta auna kansa da tafin hannu, taki biyu da 'yan yatsu.
"Zare ya ragu," ta ce.
"Yanzu kai biyu marasa gashi nake wa aiki.
Ka zo kasuwar Laykakota, layin masu ulu."

Wata huɗu Baba bai ambaci gobe ba,
ko jibi, ko shukar bana.
Ya gyara wuyan rigarsa, ya ce,
"Sai bayan wata biyu zan zo karɓa.
Ina so in ga mai ƙaramar hular."